WADANNIN TAURARI: INA IYAKAR TAURARO DA DUNIYA?

Gabatarwa

Bahaushe na kiran Zara tauraruwa, har yana ce mata matar wata. Su kuwa masana ilmin falaki sun ce duniya ce mai kewaya Rana kamar tamu. Wannan maƙala za ta duba inda masanan suka shata iyaka tsakanin kalmomin biyu, da halittun da suka faɗa tsakani.

Mene ne Tauraro?

A wajen masana, tauraro dunƙulen iska ne mai samar da haskensa da kansa. Nauyinsa kan matse cikinsa har zafi ya kai miliyoyin digiri, sai iskar haidirojin ta riƙa juyewa zuwa hiliyam. Daga nan haske ke fitowa. Rana ma tauraro ce, kuma zafin fuskarta ya kai digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas. Ita kuwa duniya, irin su Zara da Mushtari, aron hasken Rana take yi. Ke nan nauyi shi ne alƙali. Sai abu ya ninka nauyin Mushtari kamar sau 75 kafin wannan wuta ta kama ta ɗore.

Jemage a Sararin Sama

To, wanda bai kai haka ba fa? Wanda nauyinsa ya ninka na Mushtari tsakanin sau 13 zuwa 75 shi ne wada mai launin ƙasa-ƙasa. Yakan ƙona wani nau'in haidirojin mai nauyi na ɗan lokaci, daga nan ya yi ta hucewa. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Shiv Kumar ya yi hasashen samuwarsa a 1962, Jill Tarter ta raɗa masa suna a 1975. Ba a tabbatar da shi ba sai a 1995, lokacin da masana daga Sifen suka gano Teide 1 a cikin taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Sunan ma bai dace sosai ba, domin launin yawancinsu ya fi kusa da ja.

Misalai Biyu

TRAPPIST-1 kaɗan ya fi Mushtari faɗi, zafinsa bai kai rabin na Rana ba. Duk da haka cikakken tauraro ne, domin yana ƙona haidirojin. A 2017 aka sanar cewa duniyoyi 7 ke kewaya shi.

WISE 0855, wanda Kevin Luhman ya bayyana a 2014, ya fi rikitarwa. Zafinsa bai kai na jikin ɗan Adam ba, nauyinsa kuma bai ninka na Mushtari sau 13 ba. Ta fuskar nauyi duniya ne, amma ba ya kewaya kowane tauraro, shi kaɗai yake shawagi. Shi ya sa wasu masana ke cewa a duba yadda abu ya samu, ba nauyinsa kawai ba.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, darasin a nan shi ne ma'anar kalma yarjejeniya ce, kuma sabon ilmi na iya girgiza ta. Mai fassara da ya sa "tauraro" a kan Rana da Zara da Teide 1 baki ɗaya zai ɓatar da mai karatu.

Aikin Gida

1. Bambanta tauraro da duniya a jimla biyu.
2. Ƙirƙiro wa wannan wada suna na Hausa, ka kare zaɓinka.