Gundumar Cimarron: Ƙasar da Iska ta Kwashe

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na zaɓi in yi muku bayani a kan wata gunduma ta ƙasar Amurka mai suna Cimarron. Ba don girma ko arziki na zaɓe ta ba, sai don abin da ya sami ƙasar nomanta, wanda ya kamata duk ɗan manomi ya ji.

Ita wannan gunduma tana can ƙarshen yamma na jihar Oklahoma, cikin shimfiɗaɗɗun filayen nan na yammacin Amurka. Faɗinta ya ɗara murabba'in mil 1,800. Ta yi iyaka da jihohi huɗu, watau Kansas da Kolorado da Niyu Meksiko da Teksas. Yawancinta fili ne fetal, mutum ya yi ta hange ba itace ba tudu. Sai a kusurwar arewa maso yamma ne ake samun duwatsu, inda Kogin Cimarron ya ratsa. A nan ne dutsen Black Mesa yake, mai tsawon ƙafa 4,973 daga bakin teku, kuma babu wurin da ya fi shi tudu a duk jihar. Ruwan sama kuwa kaɗan ne, bai cika kai inci 20 a shekara ba, ga iska kusan kullum.

A zamanin da, gajeriyar ciyawa ce ta rufe filin duka. Ɓauna na kiwo a kanta, 'yan asalin ƙasar kamar Komanci da Kiowa suna farautarsu. Daga shekarar 1820 da 'yan kai, ayarin fatake suka riƙa ratsa wurin da kekunan shanu a kan hanyarsu ta zuwa Santa Fe. Har yau akwai wani dutse da matafiyan suka sassaƙa sunayensu a jikinsa.

Wani abin mamaki shi ne daga 1850 zuwa 1890 yankin bai shiga cikin kowace jiha ba. Dalili kuwa, Teksas jiha ce mai bayi a lokacin, doka kuma ta hana bauta a arewa da wani layi da aka shata, saboda haka ta saki wannan zirin ƙasa. Shekara 40 ba kotu ba mai hukunci, har aka yi masa laƙabi da ƙasar da ba ta kowa ba. Sai a 1890 aka haɗa shi da Oklahoma, a 1907 kuma aka kafa gundumar.

Garuruwanta ba su da yawa. Babban garin shi ne Boise City, inda kusan rabin mutanen gundumar suke zaune. An kafa shi a 1908, kuma da yaudara aka fara. Waɗanda suka yanka filayen sun rarraba takardu suna cewa akwai tituna da itatuwa da manyan gine-gine. Da masu saye suka iso, sai suka tarar da fili kawai. Daga baya aka ɗaure biyu daga cikin mayaudaran. Wannan gari ya sake shiga tarihi a daren 5 ga Yuli, 1943, sa'ad da wani jirgin yaƙin Amurka mai atisaye ya ɓata hanya, ya sako masa bama-baman gwaji guda 6. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Sauran garuruwan su ne Keyes a gabas, da Felt a kudu maso yamma, da ɗan ƙauyen Kenton a gindin Black Mesa.

To, yanzu ga babban zancen. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1925, ga kuma motocin noma sun samu, alkama tana kuɗi, sai manoma suka dinga kifar da ciyawar nan da garma suna shuka alkama. Shekarun sun zo da ruwa, kowa ya ga riba, kowa ya ƙara gona. Ashe saiwar ciyawar ita ce ke riƙe da ƙasa. Da aka shiga shekarun 1930 sai farashin alkama ya faɗi, fari kuma ya sauka ya ƙi tafiya. Gonaki suka zauna tsirara, iska ta sami abin ɗauka.

Kada mai karatu ya ɗauka irin hazon hunturu ne da muka sani. Ƙasar gona ce kanta take tashi sama kamar bango. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wata baƙar guguwa ta rufe gundumar, rana ta koma dare, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Rairayi ya binne shinge da kayan noma, shanu suka mutu, ƙura ta shiga huhun yara da tsofaffi ta sa musu ciwo. Iyalai da yawa suka ɗaure kayansu suka yi ƙaura.

A cikin watan nan na Afrilu gwamnatin Amurka ta kafa dokar kiyaye ƙasar noma. Aka koya wa manoma yin kunya a gicciye don tare ruwa da iska, da barin karan amfanin gona a kan ƙasa bayan girbi. Gwamnati ta sayi gonakin da suka lalace ta mai da su ciyawa, wani sashensu shi ne makiyayar Rita Blanca ta yanzu. Ƙasar ta farfaɗo, amma jama'ar ba ta komo ba. A 1930 mutum 5,408 aka ƙidaya a gundumar, a 2020 kuwa 2,296 kacal. Waɗanda suka rage suna kiwon shanu, suna noman alkama da dawa, wasu da ruwan rijiyoyin burtsatse, shi ma ruwan ƙarƙashin ƙasar yana ta ja da baya.

Abin da na fahimta shi ne, fari daga Allah yake, amma hannun mutum ne ya tuɓe wa ƙasar rigarta. Mu da muke zaune a bakin hamada, ya kamata mu tuna da mutanen Cimarron duk lokacin da za mu sare itace ko mu cinna wa daji wuta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.