Darasi: Makarantar Da Ta Raine Mu, Me Muka Mayar Mata?

Manufar darasi

Mu gane cewa duk wanda ya yi karatu yana da bashin makarantarsa a wuyansa, kuma ba sai ya yi arziki zai fara biya ba.

Gabatarwa

 A zagayen da muke yi cikin ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, mukan tsaya a makarantar firamare kafin mu wuce. Sau da yawa abin da muke gani iri ɗaya ne: ajin da iska ta yaye wa kwano tun damina biyu da suka wuce, yara a zaune a ƙasa, allo ya koɗe, filin wasa kuma gonar maƙwabci tana cinsa kunya bayan kunya.

A wani ƙauye mun tambayi dattawa su lissafa mana waɗanda suka yi karatu a makarantarsu. Nan da nan suka fara ƙirga da yatsu: akwai nas a Kano, akwai soja a Kaduna, akwai malamai biyu a Zariya, akwai ma'aikacin banki a Jos. Da muka ce, "To, Baba, yaushe rabon da ɗayansu ya taka cikin makarantar?" sai kowa ya yi shiru. Sukan zo gida lokacin Kirsimeti da biki da jana'iza, su wuce ta bakin makarantar a kan babur ko cikin mota. Wannan shirun ne ya sa muka shirya darasin nan. Za mu duba rayuwar 'yan wasa biyu, namiji da mace, mu ga yadda suka yi da wurin da ya raine su.

Yaron Zariya

Idan ka hau mota a Kwanar Ɗangora ka nufi kudu, Zariya ba ta da nisa. A can Masai Ujiri ya girma. An haife shi a Ingila a 1970 lokacin da iyayensa suke karatu, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar kowane yaro, da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana da wajen shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, ya shiga hannun wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Zariya, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello.

Wasan nan ne ya kai shi Amurka, inda ya yi karatu yana buga wa wata kwaleji a garin Bismarck, sannan ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai. Bai zama shahararren ɗan wasa ba. A 2002 ya karɓi aikin zaƙulo 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba. Shi yake biyan kuɗin tafiyarsa, yana kwana a ɗakunan abokai.

Ga inda muke so ku lura. A 2003, shekarar da ya fara samun albashi a ƙungiyar Denver, a cikinta ne shi da abokinsa Godwin Owinje suka soma shirya sansanin horar da yara a Nijeriya, aikin da aka sani da suna Giants of Africa. A lokacin ba shi da babban muƙami, ba shi da dukiya. Abin da yake da shi shi ne sanin wasan, da sanin mutane, da lokacin hutunsa. Muƙami daga baya ya zo: ya zama manajan Denver a 2010, ya koma Toronto Raptors ta Kanada a 2013, ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019, ya bar ta a 2025. Duk tsawon shekarun nan aikin horar da yara maza da mata ya ci gaba, ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, har a 2021 suka ɗauki alkawarin gina filayen wasa 100 a nahiyar.

Da ya ce sai ya zama babba zai waiwayi gida, da yaran da suka shiga sansanin farko sun tsufa suna jira.

Yarinyar makiyaya

Ta biyu ita ce Tegla Loroupe. An haife ta a 1973 a yankin Pokot na ƙasar Kenya, cikin gidan noma da kiwo mai 'ya'ya sama da 20. Makarantarsu tana da nisan kilomita 10, da gudu take zuwa, ba takalmi. Mahaifinta bai so gudun ba, a ganinsa ba aikin 'ya mace ba ne. Amma a makaranta aka ga tana tsere wa waɗanda suka girme ta. A 1994 ta ci gudun fanfalaki na birnin New York, mace ta farko daga Afirka da ta yi haka. A 1998 ta kafa tarihin duniya a wannan gudu a Rotterdam, ta sake karya shi a Berlin a 1999.

Yankinsu ya daɗe yana fama da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin ƙabilu maƙwabta, abin da ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya san dajin Falgore. A 2003 ta kafa gidauniyar zaman lafiya, ta fara shirya tseren da ke haɗa samarin ƙabilun da ke gaba da juna. Daga baya ta gina makaranta a Kapenguria domin marayu da yaran da rikici ya raba da gidajensu. Yarinyar da aka so a tsare a gida ita ce ta dawo ta gina wa garinsu makaranta. Iyaye, ku riƙe wannan a zuciya ranar da ake shawarar wanda za a cire daga makaranta idan kuɗi ya gaza.

Abin da muka koya

Na ɗaya, babu wanda ya raini kansa. Bayan kowane mai ilimi akwai malamin da ya kama hannunsa ya koya masa rubuta baƙi, akwai iyayen da suka sayar da akuya ko buhun masara, akwai mutanen gari da suka buga tubali suka ɗebo ruwa aka gina ajin. Yawancin makarantunmu da aikin gayya suka tashi. Yaba kyauta tukwici.

Na biyu, ba kuɗi kaɗai ake mayarwa ba. Ujiri da abin da ya iya ya fara. Nas za ta iya ba da yini ɗaya ta koya wa 'yan mata tsabtar jiki. Kafinta zai iya gyara benci goma. Ɗalibin kwaleji da ya zo hutu zai iya koyar da lissafi da yamma. Wadda ta taɓa yin gudu ko buga ƙwallo a sakandare za ta iya tara yara ranar Asabar. Ganinta kaɗai a tsaye gaban aji ya isa ya sa wata yarinya ta ce ita ma za ta iya.

Na uku, taimako ya bi ta ƙofa. Makarantar gwamnati tana da hedimasta, da ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta. A zauna da su a tambayi abin da ya fi damunsu kafin a sayi komai. Kuma gudummawarmu ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. Tsohon ɗalibin da ya iya rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya kuma bi sawunta, ya yi wa makarantarsa babban aiki.

Na huɗu, makarantar ta kowa ce. Yaranmu da na maƙwabtanmu Musulmi da na Fulanin ruga benci ɗaya suke zama. Idan za a tara tsofaffin ɗalibai, a kira kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane malami ne kake tunawa da shi har yau? Ka taɓa zuwa ka gode masa?
2. Mutum nawa ne daga ƙauyenmu suka gama sakandare ko fiye? Mata nawa ne a cikinsu?
3. Me ke hana waɗanda suke birni waiwayar makaranta? Mu da muke gida, mun taɓa gayyatarsu, ko sai roƙon kuɗi kawai suke ji daga gare mu?
4. Idan an kawo gudummawa, wa zai riƙe, kuma yaya za a karanta lissafi a gaban jama'a?

Abin yi a wannan wata

Matasa da zumuntar mata su zaɓi mutum uku, aƙalla ɗaya mace. Su je wurin hedimasta su rubuto buƙatu uku mafi gaggawa. Su rubuta sunayen tsofaffin ɗalibai da inda kowa yake. Sannan a sa ranar taro a cikin makarantar kanta, a hutun ƙarshen shekara lokacin da 'yan birni suke gida kuma amfanin gona ya shiga rumbu. A zaɓi aiki ɗaya da za a iya gamawa kafin ruwan farko, ko da rufin aji ɗaya ne ko share filin wasa da kafa masa iyaka. In mun zo zagaye na gaba, za mu so mu ji abin da kuka zaɓa.