Shiga lungu da tarakta mai jan tirela: lissafi kafin sitiyari

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, a yankinmu na Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, tarakta ba ta hutawa. Saboda halin tsaro da ake ciki, babu manomin da ke son masararsa ta kwana a gona, kowa so yake a kai masa buhunansa har ƙofar gida kafin magariba. To amma lungunanmu an yi su ne tun zamanin jaki da amalanke. Katangun ƙasa ne hagu da dama, ga dakali, ga indararo, ga kwata, ga yara. A nan ne direba mai sauri yake rushe katangar maƙwabci, wani lokaci ma abin ya fi katanga.

Abin da nake so mu riƙe guda ɗaya ne: tirela ba ta bin sawun tarakta. Wanda ya san haka, ya kuma san tazarar da ke tsakanin sawun biyu, ya gama rabin aiki.

Mu fara da tafiya gaba. Idan ka sha kwana, tayoyin tirela suna yanko hanya ta cikin kwanar. Ana iya lissafa wannan da ƙa’idar Faitagoras da muka yi tun sakandare. A ce ƙusar da ta haɗa tarakta da tirela tana zagaye a tazarar mita 5 daga tsakiyar kwana, kuma daga ƙusar zuwa tsakiyar tayoyin tirela mita 3 ne. 5 sau 5 ya ba da 25, 3 sau 3 ya ba da 9, a cire 9 daga 25 saura 16, kuma √16 shi ne 4. Ke nan tirela tana zagaye a mita 4, ta yanko mita 1 cur ta ciki. Idan ka buɗe kwanar zuwa mita 10, lissafin zai ba ka kusan mita 9.5, wato yankowar ta ragu zuwa kusan rabin mita. A kwanar lungu da ba cikakken zagaye ba, abin yakan ɗan gaza haka, amma ka yi aiki da babban adadin. Darasin dai shi ne ka raɓi ɗaya gefen, ka bar tarakta ta ɗan wuce kusurwar gini kafin ka karya sitiyari. Sannan kada ka manta da wutsiyar tirela, wato abin da ya rage bayan tayoyinta. Ita kuma waje take fita, ta share dakali ko babur ɗin da aka jingine.

Sai ribas, inda ake jin jiki. Idan kana komawa da baya, tura tirela kake yi, kuma tana karkata saɓanin inda bayan tarakta ya nufa. Dabarar da na koya wajen direban da na yi aikin koyon sana’a a ƙarƙashinsa ita ce ka riƙe sitiyari ta ƙasa. Inda kake son bayan tirela ya tafi, can za ka kai hannunka. Kaɗan-kaɗan ake yi. Da zarar ta fara karkata, ka mayar da sitiyari ka bi ta, idan ba haka ba za ta ci gaba da lanƙwasa har ƙarfen ja ya haɗu da tayar tarakta. Idan ka ga ta lanƙwasa da yawa, kada ka yi gardama da ita, ka ɗan yi gaba ta miƙe, ka sake. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin lanƙwasa, don haka ƙanƙantarta kada ta ruɗe ka. Ita kuwa mai taya huɗu wadda tayoyin gabanta ke juyawa, gaɓa biyu gare ta, ribas da ita a lungu ba na ɗan koyo ba ne.

Kafin ka shiga, sauka ka taka lungun da ƙafa. Tarakta irin Massey Ferguson 375 da muka saba gani faɗinta ya kusa mita 2, don haka ka auna wurin da ya fi matsewa. Ka tambayi masu gida inda ramin masai yake, domin wasu a jikin katanga ta waje ake haƙa shi. Tirela mai buhu 50 na kilo 100 tana ɗauke da tan 5, banda nauyin kanta, kuma murfin masai ba zai ɗauki wannan ba. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki, ka sauke duk wanda ke zaune kan buhuna. Ka kuma san ta inda za ka fita tun kafin ka shiga.

Game da ita taraktar, ka sa giya mafi ƙasa, ka rage totur. Birkinta biyu ne, na hagu da na dama, ka haɗa su da maƙalinsu idan kana jan kaya, don taka ɗaya kawai yana fizgar tarakta gefe. Tirela kuma a ƙarfen ja na ƙasa ake maƙala ta. Idan aka ɗaura ta a sama da tsakiyar tayoyin baya, gaban tarakta na iya tashi ta kife kan direba.

Na ƙarshe, mai duba maka baya mutum ɗaya ne tak. Mun san halinmu, da tarakta ta shigo unguwa kowa ya zama direba, wannan na cewa “zo, zo”, wancan na cewa “karya”. Ka zaɓi yaron motarka, ku yi yarjejeniya kan alamun hannu tunda ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Ya tsaya inda kake ganinsa, kada ya kuskura ya shiga tsakanin tirela da katanga. Idan ya ɓace maka, ka taka birki. A samu wani babba kuma ya tattara yara gefe guda, don su ɗafe tirela wasa ne a wurinsu.

Idan lungu ya ƙi, ba dole. A tsaya a bakin titi a ƙarasa da kura ko baro. Kuɗin ’yan dako bai kai na gina katanga ba, balle zuwa gaban mai unguwa. Masu sha’awa su sami fili su jera duwatsu a faɗin mita 3 su gwada da tirela babu kaya, har hannu ya faɗa. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu kaka mai albarka.