DARASI: YAUSHE KIFI KE ZUBA ƘWAI?

Kifin da ake sayarwa a kasuwar Tarauni, da wanda ake soyawa da yamma a Gyadi-Gyadi da Babban Giji cikin birnin Kano, ba a birni aka kama mafi yawansa ba. Wani daga madatsar ruwan Tiga yake zuwa, wani daga Challawa, wani daga kogin Wudil, wani kuma daga fadamun Haɗeja da Nguru. Masunta da yawa suna kukan cewa kifi ya ragu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kama kifi a lokacin da yake haihuwa.

Damina ce lokacin haihuwa

Yawancin kifayen ƙasarmu da damina suke zuba ƙwai. Idan ruwan sama ya zauna, kogi yakan cika ya malala cikin fadama, ya rufe ciyayi. Wannan sabon ruwa shi ke tayar da kifi. Sai ya bar tsakiyar kogi ya shiga cikin ciyawa, inda ruwa ba shi da zurfi. A nan 'ya'yansa za su sami abinci, su kuma ɓuya daga manyan kifaye. A fadamun Haɗeja da Nguru ruwa ya fi cika a watannin Agusta da Satumba.

A bakin teku abin ya bambanta. Can akwai fadamu masu ruwan gishiri. Ruwan teku yakan hau sosai sau biyu a wata: lokacin tsayuwar wata da lokacin da wata ya cika. A gabashin Amurka akwai wani ƙaramin kifi da ke jiran wannan hawan ruwa, ya zuba ƙwansa a gindin ciyawa. Ƙwan yakan jira wajen mako 2, sai ruwa ya sake hawa ya ƙyanƙyashe. Wato shi wata yake bi, namu kuwa damina suke bi.

Kowane kifi da al'adarsa

1. Tarwaɗa. Takan shiga ciyawa da dare, musamman bayan an yi ruwa. Mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai, su manne a jikin ciyawa. Cikin kwana 1 ko 2 sun ƙyanƙyashe. Ba ta tsayawa renon 'ya'yanta. A cikin kwamin kiwo kuwa ba ta zuba ƙwai da kanta, sai masu ƙyanƙyasa sun yi mata allura.

2. Karfasa. Namiji ke haƙa ɗan rami a cikin yashi. Irin karfasar da aka fi sani, macen takan kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har wajen mako 2, ba ta cin abinci. Wanda ya kama ta a lokacin, ya kashe ɗaruruwan kifi a tashi ɗaya.

3. Bargi. Yakan gyara wuri cikin ciyawa, ya yi sheƙa mai faɗi kamar faifai babba. Iyayen suna gadin 'ya'yan.

4. Gaiwa. Da rani takan shige cikin laka ta kwanta har ƙasa ta bushe. Ruwa na sauka sai ta fito ta yi gida cikin fadama. Namijin ne ke gadin ƙwai.

Abin da ke ɓata haihuwar kifi

Na farko, raguwar ambaliya. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun taimaki noman rani da ruwan sha, amma ruwan da ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu. In fadama ba ta cika ba, kifi ya rasa wurin zuba ƙwai.

Na biyu, tare hanyar kifi da taru a bakin fadama lokacin da yake shiga da cikin ƙwai.

Na uku, su da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu. Tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba.

Na huɗu, zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa. Yana kashe babba da yaro, yana kuma cutar da mai ci. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana kama kifi da guba ko nakiya.

Abin da ya kamata a yi

Manomi mai hankali ba ya cinye irinsa, komai yunwa. Kifi mai ƙwai shi ne irin masunci. Saboda haka masuntan gari su zauna da Sarkin Ruwa, su ware wuraren da za a bari su huta da damina. Ba baƙon abu ba ne: a Argungu ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake kama manyan kifaye a wurin. Wanda ya kama ƙananan kifi ya mayar da su ruwa. Masu saye a kasuwa su ma su daina karɓar 'ya'yan kifi, domin in babu mai saye, babu mai kamawa.

Tambayoyi

1. Wane lokaci yawancin kifayenmu ke zuba ƙwai?
2. Ina karfasa ke ajiye ƙwanta?
3. Faɗi abubuwa 3 da ke ɓata haihuwar kifi.
4. Rubuta sunayen kifayen da ake kamawa a garinku.