AZUMIN ASHURA DA IBADUN YAHUDAWA

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, duk shekara in Muharram ya kama sai mu ji samari a Gusau da Tsafe da Bungudu suna tambaya guda: tunda an ce Yahudawa ne aka iske suna azumin Ashura, ina dalilin da za mu yi shi, alhali an hana mu koyi da su? Tambayar tana da kyau. Amma mai yinta sau da yawa bai taɓa ganin Bayahude ba, bai kuma san yadda suke ibada ba. To sai mu fara daga nan.

Ka sani Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi (S.A.W.) ya iske Yahudawan Madina suna azumtar wannan rana. Da ya tambaye su, suka ce rana ce da Allah Ya tsirar da Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Fir'auna, Musa ya azumce ta don godiya. Sai ya nuna musu cewa Musulmi sun fi su cancanta ga Musa, ya yi azumin, ya umarci mutane da shi. Nana A'isha kuma ta faɗa cewa Ƙuraishawa ma suna azumtar ranar tun zamanin jahiliyya, shi ma yana yi tun a Makka. Watau ba daga Yahudawa ya fara ɗauko shi ba. Da aka wajabta Ramadan a shekara ta 2 bayan hijira, sai Ashura ya zama wanda ya so ya yi, wanda ya so ya bari.

Yanzu me Yahudawa suke yi? Suna da azumin goma ga wata, a watansu na Tishri, suna kiransa Yom Kippur, watau ranar kankare zunubi. Ba su da ranar da ta fi ta girma. Suna kama baki tun kafin faɗuwar rana har duhun washegari, wajen awa 25, ba ci ba sha. Ba wanka, ba shafa mai, ba sa takalmin fata, ba kusantar iyali. Yini suke a majami'arsu, addu'o'i kashi 5, daga ƙarshe a busa ƙahon rago. A wurinsu, a ranar ne Musa ya sauko daga dutse da alluna a karo na biyu bayan fitinar ɗan maraƙi.

Tunawa da fita daga Masar kuwa, a yau idi ne dabam a gare su, mai suna Pesach, daga 15 ga watan Nisan, kwana 7 ko 8. Wannan na ci ne: gurasa marar yisti don tuna gaggawar fita, da ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, ƙaramin yaron gida ya yi tambayoyi 4, manya su ba shi labarin.

Kila ka ce, ai Annabi a Rabi'ul Awwal ya shiga Madina, yaya ya iske su suna Ashura? Malamai sun riga ka. Ibn Hajar ya kawo amsa biyu a Fathul Bari: ko dai a Muharram da ya biyo baya ne ya gan su, ko kuwa su da tafiyar rana suke daidaita lissafinsu. Lallai har yau watanninsu na lissafin tafiyar wata ne a asali, amma suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada idinsu ya bar lokacinsa. Mu kuwa an tsayar mana da wata 12, ba ƙari, duba Suratut Tauba aya ta 36 da 37. Shi ya sa Ashurarmu take zagayawa, wata shekara da damina, wata shekara da hunturu.

Ga inda hukuncin yake. Abin da ya tabbata daga annabawa, Annabinmu ya tabbatar da shi, namu ne, ko da wasu suna yi. Su suna kaciya rana ta 8, mu ma muna kaciya, gadon Ibrahim ne. Ba sa cin alade ko jini, mu ma haka. Amma sun haramta naman raƙumi, ba sa haɗa nama da nono a girki guda, suna barin aiki daga faɗuwar ranar Juma'a har daren Asabar, ko wuta ba sa hurawa. Wannan bai hau kanmu ba: Suratul Jumu'a ta ce in an gama salla a watsu a nemi falalar Allah. Lokacin da ake shawarar yadda za a tara mutane salla, an kawo maganar ƙaho irin nasu, ba a karɓa ba, aka ba mu kiran salla. Haka a Ashura: a ƙarshen rayuwarsa aka ce masa rana ce da Yahudu da Nasara suke girmamawa, sai ya yi niyyar in ya kai baɗi zai azumci ranar tara. Bai kai ba, Allah Ya karɓi ransa. Bai bar azumin ba, ya dai ƙara masa abin da zai bambanta shi.

Kada kuma ka ɗauka bambanta ibada izini ne na zagi. Na ji yadda kalmar Bayahude ta zama abin jifan duk mai rowa a kasuwa. Wanga ba tarbiyyar Sunna ba ce. Annabi ya miƙe tsaye don gawar Bayahude, ya rasu sulkensa yana jingine wurin Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Abdullahi ɗan Salam malaminsu ne kafin ya musulunta, Uwar Muminai Safiyya daga Banu Nadir ta fito.

Abin da ya fi damuna yana cikin gidajenmu. Muslim ya ruwaito daga Abu Musa cewa mutanen Khaibara sun mai da Ashura idi, suna yi wa matansu ado, Annabi kuwa ya ce wa Musulmi su azumce ta. To mu fa? Mun sa wa watan suna cika-ciki. An ajiye busasshen naman layya, an tuƙa tuwo tukunya-tukunya, ana cewa wanda bai ƙoshi a daren ba, ba zai ƙoshi ba har shekara. Subhanallah! Wa ya faɗa? Arziki yana hannun Allah. Hadisin yalwata wa iyali a ranar, an tambayi Imam Ahmad bai ɗauke shi komai ba, Ibn Taimiyya ma ya kore shi, ko da yake akwai malaman da suka ƙarfafa shi. Na sa kwalli kuwa ƙirƙirarre ne. Saurayi ya kwana yana narkar tuwo yana bin taubasai da kuɗin shara, gari ya waye ya ce shi ba zai yi azumin Yahudawa ba. Wanne ya fi kusa da abin da mutanen Khaibara suka yi?

In wata ya kama, ka azumci tara da goma. Hadisin Abu Ƙatada a Muslim ya nuna ana fatan kankarar zunubin shekarar da ta wuce, malamai suka ce ƙananan zunubai ne, manyan sai da tuba, haƙƙin mutane sai an mayar. In tara ta kuɓuce maka, ka haɗa goma da sha ɗaya, in goma kaɗai ka samu ya yi. In mahaifiyarka ta kawo maka tuwon daren, ka ci daidai cikinka, ka yi mata bayani da ladabi, ragowar ka ajiye don sahur. Wallahu a'alam.