Darasi na 7: Renon Albasa Daga Iri a Cikin Gida

Abin da za mu koya: yadda za mu gane iri mai rai kafin mu biya kuɗi, yadda za mu rene shi, da yadda za mu ajiye namu na baɗi.

'Yan uwa mata, a nan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ƙasarmu rairayi ce, ruwa kuma sai an je rijiya ko famfo. Don haka ba babban lambu muke magana ba. Ɗan fili a bayan ɗaki, ko tsohon baho da aka huda ƙasansa, ya isa ki samu lawashin miya, ki yi gabu, har ki sayar wa masu lambu dashe.

Albasa tana da 'yan uwa a daji, irin albasar kwaɗi mai fure da damina. Danginsu ɗaya da furen ado da ake kira amarilis, wanda daga iri yakan yi shekara 2 zuwa 3 ko fiye kafin ya yi fure. Waɗannan ba a cin su, suna da guba, a hana yara wasa da su. Albasar ci kuwa cikin 'yan watanni take biyan wahala.

1. Gwada iri kafin ki saya

Irin albasa ba kamar gero ba ne. Da ya wuce shekara ɗaya a ajiye, musamman a wuri mai zafi, yawancinsa ya mutu, ido kuma ba ya ganewa. In kika ci rance a asusun ƙungiya kika sayi mataccen iri, kin yi asarar kuɗi da lokacin sanyi, ranar biya kuma ba za ta ɗaga ba.

Ki fara sayen ɗan kaɗan. Ki ƙirga ƙwaya 20, ki naɗe a tsumma mai damshi, ki sa a inuwa, kina yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 10 ki buɗe. In 15 ko fiye sun tsiro, ki koma ki saya. In ba su kai 10 ba, ki bar wa mai shi kayansa. 'Yar Galmi, mai launin ja-ja da ta samo suna daga garin Galmi na Nijar, ta saba da yanayi irin namu.

2. Shuka

Lokacinsa bayan kaka ne, Oktoba zuwa Nuwamba, don albasa sanyin hunturu take so. Ki cuɗa ƙasa da takin awaki da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Ki ja layi-layi, tsakaninsu yatsu huɗu, zurfin kada ya wuce rabin gaɓar yatsa. Ki zuba iri ba cunkushe ba, ki rufe da ƙasa kaɗan, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ban ruwa safe da yamma da gwangwani mai ƙananan huji. Da zarar tsiro ya leƙo, ki kwashe ciyawar. Kada ruwa ya kwanta, gindin zai ruɓe. Ki kewaye wurin da kara ko ƙaya saboda kaji da awaki.

3. Dashe

Bayan mako 6 zuwa 8, in ya yi ganye uku ko huɗu, ya isa dashe. Ki jiƙa ƙasar kafin ki cire, ki dasa da yamma, tazarar yatsu huɗu zuwa biyar. Wanda ya yi miki yawa ki ɗaure dami-dami ki sayar. Bayan wata 3 zuwa 4, in wuyan ganyen ya yi laushi ya kwanta, ki daina ban ruwa, sannan ki haƙe ki shanya a inuwa.

4. Irin baɗi

Ki ware albasa masu ƙwari, marasa tabo, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. In sanyi ya dawo ki dasa su, za su fitar da fure. Kada ki fesa magani lokacin fure, ƙudan zuma ne ke haɗa irin. In kawunan sun fara buɗewa baƙin iri ya bayyana, ki yanke, ki shanya a faifai a inuwa, ki murje, ki sheƙe, ki zuba a busasshiyar kwalba ki toshe. Shi ma ki gwada shi kafin shuka.

Tambayoyin tattaunawa

• Wace ce a cikinmu ta taɓa shuka iri bai fito ba? Nawa ta yi asara?
• Bokiti nawa na ruwa za ki iya warewa kullum ba tare da gida ya rasa ba?
• In za a ci rance don wannan aiki, wane wata ya dace a sa ranar biya?

Aikin mako: mata biyu su karɓo iri daga wurin masu sayarwa daban-daban, su gwada ƙwaya 20 kowacce, su kawo tsumman taro mai zuwa mu ƙirga tare kafin a buɗe akwati.