Idan Injin Mota Ya Fara Ƙwanƙwasa

Darasinmu na yau a kan tsofaffin motocin a-kori-kura ne, waɗanda muke kira bashe, irin su Peugeot 404 da 504 da Toyota Hilux. Su ne ke ɗauko albasar Tabelot da lemun Timia zuwa kasuwa. Su ne kuma ke kai mara lafiya asibiti daga ƙauye. Tsakanin Arlit da Agadas akwai kilomita kusan 240. Motar da ta mutu a wannan hanya cikin zafin bazara tana iya jawo asarar kaya, har ma da ta rai. Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a shekarar 2021, kuɗi ya yi wuya a gidaje da yawa, kuma sayen sabon inji ba abin wasa ba ne.

Sau da yawa inji yakan yi gargaɗi kafin ya mutu. Sai direba ya san irin ƙarar da yake ji.

Ƙara ta farko siririya ce, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa. Ana jin ta idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, ko an taka totur da ƙarfi. Ga dalilinta. A cikin inji, esansi, wato fetur, yana haɗuwa da iska, sai buji ya kunna musu wuta, su ci a hankali su tura fistan. Idan wani sashe ya fashe da kansa a lokaci guda, sai ya bugi fistan kamar guduma. In abin ya daɗe, kan fistan yana iya hujewa.

Abin da za a fara tuhuma shi ne man da aka sha. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci akan gauraya shi da kananzir, kuma irin wannan ba ya jure matsi. A zuba mai na kirki daga gidan mai. In ƙarar ta ɓace, an huta. In ba ta ɓace ba, a duba zafin inji: ruwan radiyata, da bel ɗin fanka, da ƙurar da ta toshe gaban radiyata. Bayan haka makaniki ya duba delko, domin idan wuta tana zuwa da wuri ƙwarai inji yana ƙwanƙwasa, kuma gyaran ɗan juyi ne kawai. Sababbin motoci suna da na'urar da ke jin ƙarar ta daidaita wuta da kanta. Tsofaffi ba su da ita, kunnen direba ne na'urarsu. Buji marar dacewa da baƙin gawayin da ya taru a kan fistan su ma suna kawo wannan ciwo.

Ƙara ta biyu mai nauyi ce, daga ƙasan inji take fitowa, kuma tana ƙaruwa da gudun inji. Wannan ita ce mai haɗari. Alama ce cewa kusine, wato ƙarafan da sandar fistan ke juyawa a kansu, sun cinye. Ƙarancin baƙin mai ne ke kawo haka, ko yashin da ya shiga ta yagaggiyar matatar iska. Makaniki yakan cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta ragu, nan ciwon yake. Wanda ya ji wannan ƙara, ko ya ga jar fitilar mai ta kama, ya kashe mota nan take. Gara a ja ta da igiya. Masu zuba mai mai kauri domin ƙarar ta lafa suna ɓoye ciwo ne kawai, kuma sandar tana iya karyewa ta fasa jikin inji.

Motar gazuwal takan yi ɗan ƙwanƙwasa da safe kafin ta ɗumi, wannan ba laifi ba ne.

Wajen gyara, kada a buɗe murfin radiyata inji yana da zafi, domin ruwan yana ƙona fuska. Kada a zuƙo esansi da baki, yana iya shiga huhu. Tsohon baƙin mai kuma ba maganin miki ba ne, ga mutum ko ga raƙumi, kuma kada a zubar da shi kusa da rijiyar lambu.